Musayar Waƙa: Bardas Biyu da Sarki Basil

Malam Na-Zaure:
Assalamu alaikum jama'a. Makon nan Rum za mu. A shekarar 987 babban kwamandan rundunar gabas, Bardas Fokas, ya yi wa Sarki Basil na Biyu tawaye, ya mutu a Abidos ran 13 ga Afrilu 989 bai hau gadon ba. Ƙwar biyu za mu yi, amsa-amo "ba". Wanda ya karya akwai tara.

Da sunan Mai naɗa sarki Ya tuɓe shi,
Wanda ba a taɓa karɓe mulkinSa ba.

Ku ba ni kunne mu je Ƙusɗanɗiniyya,
Birnin da ganuwarsa ba ta gaji ba.

Basil ya sami gado yana sha takwas,
Gemu bai gama rufe masa haɓa ba.

Baban fada ke riƙe da hatimi da taska,
Sarki na zaune, ba a tambaye shi ba.

Da ya kori baban ya ja daga Bulgeriya,
Ya komo a guje, bai tsira da kaya ba.

A Ƙofar Tarajan aka yi mai kwanton ɓauna,
Barade suka ce, yaron nan bai isa ba.

Sai Fokas ya sa jan takalmi a Kafadokiya,
Takalmin da ba kowa ake ɗinka wa ba.

Ɗan Barga:
Allah gafarta Malam, ka rage wa gwanina tsawo. Mai karatu zai zaci wani ɓarawon rawani ne ya faɗo daga sama. Shi ne fa ya ceci gadon nan a 979, bayan takwaransa Bardas Sikileros ya fara nasa boren tun 976.

Fokas ba baƙon sarauta ba ne, Malam,
Baffansa Nikiforos bai mutu talaka ba.

Sarki ne, a ɗakin barci aka sare shi,
Jinin nan gidan Fokas ba su manta ba.

Ranar da Sikileros ya ta da ƙura,
Fada ta duba ba ta ga mai tare shi ba.

Daga tsibirin Kiyos aka ɗauko gwarzo,
Shekaru yana tsare, bai ga sirdi ba.

Suka haɗu su biyu a tsakiyar fage,
Takobin Sikileros bai sami wuya ba.

Kunnen doki ya yanke, ya sha kulki a ka,
Jini ya rufe shi, bai tsaya sallama ba.

Wanda ya tsare maka gado da ƙarfinsa,
In ya nemi hawa kai, bai yi sata ba.

Gwaggo Mai Tawada:
Ɗana, kirari ya yi daɗi, sai dai akwai rami a cikinsa.

Ka yabi kulki ka manta da dawaki,
Dubu sha biyu na Jojiya ba ka ƙirga ba.

Dauda sarkin Tawo ne ya aiko su,
Ba don su ba da kulkin bai yi suna ba.

Sikileros ya gudu Bagadaza neman inuwa,
Adudud Daula bai bar shi ya fita ba.

Da aka sake shi ya dawo Malatiya,
Tsufa ya zo, kwaɗayin bai tsufa ba.

Bardas biyu suka raba ƙasar da baki,
Ƙasar da ko ɗayansu bai ci ba.

Kai ka ɗau birni, ni Antakiya da gabas,
Rantsuwar da gwaninka bai riƙe ba.

Ya kira shi shawara ya kai shi kurkuku,
Sojan duka sun gani, ba su makance ba.

Wanda ya kulle abokin tawayensa,
Wa zai kwana gefensa bai tsorata ba?

Ɗan Barga:
Gwaggo, ai ɗan Sikileros, Romanos, tuni ya tsallaka wajen Basil. Uba na nan, ɗa na can.

Gidan da ya raba ƙafa tun kafin yaƙi,
In an kulle shi ba a ci amana ba.

Autan Zaure:
Iyayena da yayyena ku yi haƙuri, ni jiragen nan nake ta jira.

Ga jirage daga Kiyef suna tahowa,
Mutum dubu shida, gatura na walƙawa,
Sansanin Kirisofolis ana shagali da sha,
Kafin a ɗau garkuwa an gama sarewa,
Delfinas kwamandan Fokas ya sha tsirewa.

Malam Na-Zaure:
Auta, ƙwar biyar ka kawo mana, amsa-amon ma ka canza, ɗango na uku kuma ya tafi yawonsa. Tararka baiti biyu. Amma labarin haka yake. Kirisofolis ita ce Uskudar ta yau, tsallaken ruwa kaɗai tsakaninta da fada, har ana hango tantunan 'yan tawaye daga birni. Ka ga irin matsin da Basil ya shiga ke nan.

Uwar Biki:
Duk kun yi maganar gatari, ba wanda ya tambayi kuɗinsa. Baladimir na Kiyef bai ba da mutum dubu shida kyauta ba. Ana ya nema, ƙanwar sarki uwa ɗaya uba ɗaya.

Ku tsaya maza, ku ajiye kulki da gatari,
Akwai wadda aka biya da ita ba ku faɗa ba.

Ana, an haife ta a ɗakin shunayya,
Ɗakin da 'yar kowa ba ta shiga ba.

Irinta sarkin Jamus ya nema wa ɗansa,
Aka ba shi wata, ba 'yar ɗakin ba.

Yau ga mai bautar gunki can arewa,
Matan gidansa ba su ƙirgu da yatsu ba.

Wa ya matsu, ƙanwa ta zama sadaukin gari,
Sulke da kwalkwali ba ta taɓa sa ba.

Sharaɗi ɗaya: ango ya zama Kirista,
Ra'ayin amarya ba a sa a takarda ba.

Da ƙura ta lafa fada ta yi nawa,
Baladimir bai san jiran surukai ba.

Ya kame Karson, can aka kai ta a jirgi,
Kukan da ta yi bai juyo da jirgin ba.

Ƙasar Rus ta bi addinin mijin Ana,
Fokas ya jawo haka, shi bai sani ba.

Gwaggo Mai Tawada:
Allah Ya yi miki albarka 'yata. Baitin ƙarshen nan shi ne zancen. Mutum ya fito neman kujera ɗaya, ya canza wa wata al'umma alƙibla.

Ɗan Barga:
Yaya, na sara miki. Amma ku bar ni in kai gwanina Abidos, bakin mashigin Dardanil. Ko maƙiyinsa bai ce ya juya baya ba.

Ya hango Basil a gaban sahu kan doki,
Takobi a dama, hagu ba ta zauna banza ba.

Hoton Maryama ya rungume a ƙirji,
Ya tsaya cak, ko linzami bai ja ba.

Fokas ya sa kaimi, ƙasa na girgiza,
Dogo mai faɗin kafaɗa, bai jira kowa ba.

Saura ƙiris sai ya karkace daga hanya,
Ya sauko ƙasa, bai sake tashi ba.

Aka duba jiki daga kai har ƙafa,
Mashi ko kibiya ba a ga shaida ba.

Wasu sun ce guba aka zuba a ruwansa,
Ni dai na ce sarki bai kashe shi a fage ba.

Malam Na-Zaure:
Zancen gubar jita-jita ce tun a wancan zamani, wasu kuma sun ce bugun jini ne ya ɗauke shi. Ƙanin sarki, Kustantin, har ya riƙa cewa shi ya harbe shi. Abin da na fi kallo ni shi ne rundunar.

Shekara biyu ana tara maza da jirage,
Duk an rataye su a wuya ɗaya, ba biyu ba.

Wuyan na faɗuwa aka watse cikin daji,
Ko mai ɗaukar gawa ba a samu ba.

Aka yanke kai aka kai wa Basil,
Sarkin bai kai talatin da biyu a duniya ba.

Autan Zaure:
Ga tarata Malam. To Sikileros fa, yana kurkukun har yau?

Na biya bashi, ku duba ɗango na biyu,
Wannan karon amsa-amo bai kufce ba.

Ku gaya mini tsohon da aka kulle,
Ya fito ne, ko ƙofar ba ta buɗe ba?

Malam Na-Zaure:
Ta buɗe, Auta. Ya ci gaba da boren 'yan watanni, ya miƙa wuya kafin ƙarshen 989, aka ba shi babbar sarauta ta girmamawa, ya rasu 991.

Aka shigo da shi ana riƙe da hannunsa,
Ido ya dushe, ƙafa ba ta da ƙwari ba.

Basil ya ce, wannan ne ya hana ni barci?
Ga shi ko tafiya bai iya shi kaɗai ba.

Ya hango jan takalmi a ƙafar tsoho,
Ya kau da kai, sai an cire, bai yarda ba.

Ya fara kurɓar ƙoƙo kafin ya miƙa,
Don baƙo ya san ba a zuba kome ba.

Ya nemi shawara, tsoho ya ba shi:
Kar ka bar kwamanda da dukiyar da ba ka auna ba.

Gajiyar da manya da haraji, su shagala,
Sirrinka kar ka ba wanda ba ka gwada ba.

Kar mace ta zauna inda ake shawara,
Basil ya ji duka, bai yar da ko ɗaya ba.

Gwaggo Mai Tawada:
Ya kuwa yi aiki da ita. A 996 ya fitar da doka a kan manyan masu gonaki da ke haɗiye filayen talakawa. Malainos ma, wanda a gidansa aka naɗa Fokas, bai sha ba.

Ya sauki sarki da runduna ya ciyar,
Karamcin da aljihun talaka bai iya ba.

Sarki ya ƙoshi, ya tafi da mai gidan birni,
Bai sake ganin gonarsa da ido ba.

Uwar Biki:
Malam, wai kada mace ta zauna wajen shawara? Tsohon nan bai da kunya.

Matar Fokas ce ta buɗe masa kurkuku,
Ba don ita ba da bai ga rana ba.

Ƙanwar Basil ce ta sayo masa gatura,
Shi kuwa har 1025 bai yi aure ba.

Ɗan Barga, saura kai. Kana da baiti, ko in kira Auta ya taya ka?