Wane injin gahawa ne ya dace da ofishin mutum 12 da ke aiki da wutar sola?

Maman Ilham, Kano

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san wannan harka. Ni ce ke kula da sayayya a wani ƙaramin ofishi, mu 12 ne, kuma kimanin mutum shida daga cikinmu suna shan gahawa safe da yamma, ban da baƙin da ke zuwa taro. Har yanzu neskafe muke kaɗawa da ruwan filas, amma shugaban ofishin ya ga injin Nespresso a wani otal a Abuja, irin wanda ake jefa masa ɗan kwanso mai garin gahawa a ciki a danna maɓalli, sai ya ce in binciko masa farashi. Wutar Nepa ba ta zama a unguwarmu, don haka mun dogara ne da sola da inbata mai 1.5kVA, wadda ke ɗauke da kwamfutoci da fankoki da firinta, ruwanmu kuma na bohol ne. Shin wannan injin zai yi mana, ko akwai wanda ya fi shi dacewa?

Injiniya, Kaduna

Wa alaikumus salam, Hajiya. Kafin ki tambayi farashi, ki kifa injin ki karanta abin da aka rubuta a ƙasansa, domin duk na'urar da ke dafa ruwa tana jan wuta sosai. Injinan kwanso galibi suna cin wat 1,200 zuwa 1,500, masu tacewa ta ɗiga kuma suna kaiwa wajen wat 1,000. Inbata mai 1.5kVA iyakar abin da take iya ɗauka bai wuce wat 1,200 ba, ga shi kun riga kun ɗora mata kaya. Gaskiya ne injin kwanso ba ya kai minti ɗaya yana zafafa ruwa, saboda haka ba zai shanye batir ba, amma wannan fizgar ta farko ta isa ta sa inbatar ta yi ƙara ta yanke wuta, kwamfutoci su mutu ana tsakar aiki. Ƙaramin janareta ma, irin na shago, ba zai ɗauke shi ba.

Sai kuma batun kayan gwanjo. Wutar Najeriya 230V ce, ta Amurka kuwa 120V, kuma a kasuwa ana jera injinan Amurka da na Turai wuri guda ba tare da mai kaya ya bambance ba. Idan kika ga 120V a jikinsa kada ki saya, ko da ya fi sauran kyau da araha, domin da zarar an jona shi zai ƙone.

Hajiya Babba, Abuja

Abin da Injiniya ya faɗa haka yake, amma ni abin da ya fi damuna shi ne kuɗin ciyar da injin bayan an saye shi. Ina da na kwanso a gida, kuma ba zan musa daɗin gahawarsa ba, sai dai kwanson daga waje ake shigo da shi, duk sanda dala ta motsa farashinsa ya bi ta. Ƙanwata, ki yi lissafin da kanki: mutum shida sau biyu a rana, a ranakun aiki 22, kwanso 264 ke nan a wata, ba a sa baƙi a ciki ba. Kowane kwanso kuwa garin da ke cikinsa bai wuce giram biyar ko shida ba, an tsara shi ne don ɗan ƙaramin kofi na mililita 40, ko 110 idan an tsawaita. Mutanenmu sun saba da cika babban kofi su zuba madara da sukari, don haka za ki ga mutum ɗaya ya fasa kwanso biyu a zama guda. Sannan ba kowane kwanso ne ke shiga kowane inji ba: na Dolce Gusto ba ya shiga Nespresso, kai, ko a cikin Nespresso ɗin, na Vertuo daban ne da na asali. Ranar da irin naku ya yanke a kanti, injin ya zama kayan ado.

Ga ofis, ni na fi son injin da ke tace gari ta ɗiga, wanda ke cika lita ɗaya ko fiye a tashi guda. Ana sa kimanin giram 60 na gari a lita ɗaya, wato leda mai giram 250 za ta ba ku kusan kofi 20. Ki zaɓi mai tulun ƙarfe da ke riƙe zafi kamar filas, ba mai tulun gilashi da ke zaune a kan faranti mai zafi ba, domin faranti yana ci gaba da cin wuta, kuma bayan rabin sa'a gahawar ta fara ɗaci. Ki kuma nemi mai matacin raga da ake wankewa, don kada ki shiga yawon neman takardar tacewa.

Malam na Maraɗi

Da izinin manyana, ina ganin amsar ba ta buƙatar lantarki ko kaɗan. A wurin aikinmu muna amfani da tulun Faransa, wanda ake zuba masa gari mai tsaki-tsaki da ruwan zafi, a jira minti huɗu, sannan a danna matacin a hankali har ƙasa. Ruwan ana dafa shi a kan gas, a sauke a bar shi ya ɗan huce kamar rabin minti, saboda gahawa ta fi son zafin digiri 90 zuwa 96, tafasasshen ruwa yana fito da ɗacinta. Ku sayi na ƙarfe mai lita ɗaya, na gilashi ba ya daɗewa a hannun jama'a. Shi kuma shugaba, idan mai kauri yake so, a saya masa butar moka, wadda Alfonso Bialetti ya fito da ita a Italiya a 1933. Ana ɗora ta a kan gas, tururi ya tura ruwa sama ta cikin garin. Ba ta kai ƙarfin matsin ruwa na injin esfireso, mai haɗa gahawa mai kauri, ba, amma ƙarfin gahawarta ya wadatar. Kuɗin da kuka rage ku sa shi a kan gari mai kyau da ɗan injin niƙa na hannu. Ku a Najeriya kuna ma da gahawa nau'in arabika da ake nomawa a tsaunin Mambila na jihar Taraba.

Injiniya, Kaduna

Malam, shawararka ta warware matsalar wuta, amma tana buƙatar mutum ɗaya da zai ɗauki nauyin dafawa da wanki, in ba haka ba za a wayi gari tulun na ajiye da dusar jiya. Kada kuma a zuba dusar a magudanar wanki, tana toshe bututu. Hajiya, game da ruwan bohol: idan kina ganin farin ɓawo kamar alli a cikin butarku ta dafa ruwa, to shi ne zai toshe siraran bututun kowane injin lantarki, sai an riƙa wanke shi da ruwan khal ko garin sitirik, wato sinadarin tsami irin na lemun tsami, duk bayan wata biyu ko uku. Tulun Faransa ba shi da bututu, don haka wannan bai shafe shi ba.

Maman Ilham, Kano

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na duba butarmu, farin ɓawon na nan kuwa. Na kai wa shugaba lissafin kwanso 264 da bayanin inbata, ya amince mu fara da tulun Faransa biyu na ƙarfe da butar moka ɗaya, masinjanmu kuma ya yarda zai riƙa haɗawa da safe ya juye a filas. Malam, idan garin da na samu a kanti mai laushi ne, wanda aka niƙa don injin esfireso, zai yi a tulun, ko dole sai na sayi ƙwayar na niƙa da kaina?

Malam na Maraɗi

Hajiya, mai laushin zai bi ta ragar ya taru a gindin kofi, kuma danna matacin zai yi wuya. Ga moka kuma laushinsa ya ɗan yi yawa, sai a zuba shi sako-sako ba tare da an danne ba. Don tulun ki sayi ƙwayar da aka soya, a niƙa ta safiyar da za a sha, girman tsakin ya kai kamar na gishirin kasuwa.