Neman kalma: rubutun da ba alƙalami ba takarda

Rabi, Aboabo, Kumasi: Salamu alaikum. Gobe da daddare ina da shirin lafiyar tsofaffi a rediyo, kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya. Mutanen Jafan suna ce mata kusho, wato harafi ya ɓace wa mutum sai ya zana shi da yatsa a iska ko a tafin hannu. Haruffan kanji da suke amfani da su kullum sun haura 2,000, kuma hannu ba ya saurin mance abin da ya saba rubutawa, motsin ne ke jawo shi. Babana ma haka yake yi. In lambar wayar yayana ta shige masa, sai ya riƙa zana ta a kan gwiwarsa ɗaya bayan ɗaya har ta dawo. Me zan kira wannan?

Sani: Rubutun iska mana, Anti.

Hajiya Memuna: A'a ɗana. Ka faɗi haka gaban tsoho a Zongo, ko ya ɗauka na aljanu ne, ko ya ji kamar ka ce aikin banza yake yi.

Malam Garba: Yatsantawa. Baƙi ya ba mu baƙanta, fari ya ba mu faranta, me zai hana yatsa?

Sani: Malam, a kunne sai ka ce yatsina fuska.

Malam Garba: Kunnen Kumasi ke nan. Inda ake ce wa mace "ya zo", yaya za a gane ginin kalma?

Hajiya Memuna: Malam, wannan maganar ta yi mini zafi. Da Hausar nan iyayenmu suka yi fataucin goro, da ita muka yi karatun allo. Alhaji Umaru, babban malamin nan, a Karaci (Kete-Krachi) ta nan Ghana ya zauna yana waƙoƙinsa da ajami har ya rasu a 1934.

Malam Garba: Haifaffen Kano ne ai, Hajiya.

Rabi: Don Allah iyayena, lokaci. Na gwada wa Baba duka biyun, bai gane ko ɗaya ba. Da na nuna masa da hannu sai ya ce, "Au, rubutun yatsa?" Ita zan ɗauka.

Malam Garba: Ba ta nuna cewa a iska ake yi ba. Amma je ki da ita goben, in an zo rubuta littafi zan dawo da tawa.