Kitsen tirans da kalacin ɗaliban koyon sana'a

Malamin kafinta, Tahoua:
Assalamu alaikum. Ina koyarwa a wata cibiyar koyon sana'a, kuma na lura cewa da an tashi shan iska, ɗalibaina sukan ruga bakin ƙofa su sayi fanke, cincin, biskit ko burodin da aka lafta wa bota, domin iyakar abin da dala ashirin ke saye ke nan. Jiya na tambaye su ko sun taɓa jin kitsen tirans, sai ɗaya ya ce shi dai kitsen rago ya sani. Shin man suyar nan da ya yi baƙi ƙirin a kasko ne ake nufi?

Ma'aikaciyar jinya, Yamai:
Wa alaikumus salam, Malam. Man da aka yi ta maimaita suya da shi ba alheri ba ne, amma kitsen tirans ɗin da yake haifarwa kaɗan ne. Babban tushensa shi ne man tsirrai da masana'antu ke daskararwa da iskar haidurojin domin kaya su daɗe ba su lalace ba, kuma ana samunsa a wasu nau'o'in bota, biskit da kek. Yana ƙara mugun kitse a jini, ya rage kitse mai amfani, har jijiyoyin zuciya su toshe bayan shekaru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya kai kashi 1 cikin 100 na kuzarin abincin yini, wato kimanin giram 2.2, kuma tun 2018 take kiran a kawar da shi. Ƙasar Danmak ce ta fara taƙaita shi a 2003.

Malamar girki, Tahoua:
Hajiya ta yi bayani. Ni ɗalibaina ne suka fi damuna, tunda gobe su ne za su toya wa jama'a. Nakan kawo kwali da gwangwani aji mu karanta tare, mu nemi kalmomin Faransanci "partiellement hydrogénée", masu nuna cewa akwai man da aka daskarar da haidurojin a ciki. Matsalar ita ce botar da ake aunawa da cokali a kasuwa ba ta da takarda ko kaɗan.

Tsohon ɗalibin walda, Tahoua:
Malam, a yi mana adalci, yunwa ba ta karanta kwali. Shekara biyu na yi ina karyawa da biskit saboda shi ne ke kusa. Da a ce mai fura da mai ƙuli-ƙuli suna zama a ƙofar cibiyar, da yawancinmu wurinsu za mu nufa, tunda kuɗin kusan ɗaya ne kuma fura ta fi riƙe ciki har azahar.