Koloskopi ko awon bahaya, wanne ya dace da ni?

Ɗan Adar:
Assalamu alaikum jama'a. Fataucin albasa nake yi a Tawa, shekarata 43. Sankarar babban hanji ce ajalin babanmu. Yana da 55 aka gano ta, bayan an daɗe ana ɗura masa jiƙon basir. Yanzu lokotoro ya ce in je Yamai a yi mini koloskopi, ni kuwa lafiyata lau. Gaskiya kunya nake ji, a ce magidanci kamata a zura masa tiyo mai kyamara ta dubura. Na ji akwai awon bahaya a labo. Shi kaɗai bai wadatar ba?

Ma'aikaciyar jinya, Yamai:
Wa alaikumus salam, Allah ya jiƙan baba. Awon bahayan da kake nufi, FIT, jinin da ido ba ya gani yake nema. Na wanda ba shi da tarihin ciwon a gida ne, kuma ba shi da wata alamar ciwon a jikinsa. A Faransa duk shekara 2 ake yin sa, daga 50 zuwa 74. Amurka kuwa daga 45 take farawa. Kuma in ya nuna jini, koloskopin dai za a koma.

Kai naka daban ne, ɗan'uwa. Wanda ciwon ya kama mahaifinsa kafin 60, tun yana 40 ake so ya fara koloskopi, ya riƙa maimaitawa duk shekara 5. Sankarar nan galibi daga ɗan tsiro take farawa a bangon hanji, wanda kan ɗauki shekara kamar 10 kafin ya rikiɗe. Da koloskopi, ana ganin tsiron ana cire shi nan take. Hoton sikana na iya nuna shi, amma ba ya cirewa.

Tsohon malamin lakwal:
Ɗana, an yi mini. Shi awon bai kai awa guda ba, kuma da allurar barci aka yi. Wahalar tana jajibiri: ba tuwo, ba fura, sai ruwa-ruwa, ga maganin wankin ciki da za ka yi ta sha kana zarya ban ɗaki. Ka shanye shi tas, don in hanji bai wanku ba sai an sake. Ka sauka gidan da ba a layin makewayi, kuma ka je da wanda zai mayar da kai masauki.

Ɗan Adar:
Na gode Malam, na gode Hajiya. Ina shan maganin ciwon suga, ya zan yi ranar da ba cin abinci?

Ma'aikaciyar jinya, Yamai:
Ka faɗa wa lokotoron tun ranar da za a tsayar maka da lokaci, shi zai daidaita maka shi. Ƙannenka ma, maza da mata, ka sanar da su, ƙa'idar nan ta shafe su.