Kurciyoyi sun ƙi geron da nake zuba musu

Salamu alaikum. Ina neman shawarar masu kiwon tsuntsaye.

A Tumfure nake, nan Gombe. Shekara 2 ke nan ina zuba gero a wani tsohon faranti da na rataya a jikin dogon yaro a tsakar gida. Kafin hantsi kurciyoyi da ƙananan tsuntsaye sun share shi tas. Amma tunda na buɗe sabon buhun da na sayo cikin watan Agusta, sai su sauka, su yi tsattsaga biyu uku, su watsar da shi ƙasa su tashi. Yau kwana 9 ke nan.

Na wanke farantin, na huda masa ƙofofi don kada ruwan sama ya kwanta. Na matsar da shi nesa da katanga saboda kyanwar maƙwabta. Na sheƙe geron na shanya shi wuni guda a rana. Duk a banza. Da na zuba tsakin dawa daga kicin kuwa, nan take suka cinye, ke nan ba wurin suke tsoro ba.

Geron a ido lafiya lau, sai dai in na damƙa yana barin gari a tafin hannu, wasu ƙwayoyin da ɗan huji, kuma yana wani bashi-bashi kamar ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba. Uwargida ta ce maganin ƙwari ne aka zuba masa a ajiya, ni kuma na fi zargin danshi.

Ta yaya zan gane ko fumfuna ce ko magani, kafin in zubar da buhun?