Esfireso: tatacciya, matsattsiya ko tatsattsiya?

Jama'a ku taya ni raɗa suna. Ƙanena ya dawo daga Abuja da ɗan injin haɗa gahawa, ya dire mini shi a ɗaki nan Birnin Kebbi. Kowa ya shigo sai ya tambaya na mene ne, in na ce esfireso yake yi sai a bi ni da ido.

Kalmar kofi na ajiye ta gefe tun farko, don ba zan ce wa baƙo ga kofin kofi ba. Gahawa muna da ita daga Larabci, alhazai sun sha ta da dabino. Sai dai waccan dafa ta ake yi a buta. Wannan kuwa gari mai laushi, giram 7 zuwa 9, ake dannewa cikin ɗan ludayin ƙarfe, inji ya turo ruwan zafi da bai kai ga tafasa ba, da ƙarfin da ya ninka nauyin iskar da ke kanmu sau 9. Cikin daƙiƙa 25 zuwa 30 ta zubo, ba ta wuce kurɓi biyu ba, baƙa wuluk da kumfa ja-ja a sama.

Wani malamin makaranta ya ce tatacciyar gahawa. Na ƙi. Tacewa aikin rariya ne da ƙyalle, kamar kamu, ruwa na bin hanyarsa a hankali. A bar wa mai ɗiga ta takarda wannan sunan.

Matsattsiya ta fi kusa, don kalmar esfireso kanta, ta Italiyanci, tana ɗauke da ma'anar matsowa, kuma duk wanda ya ga ana matsar tunkuza ya gane. Har na kusa tsayawa nan, sai Inna ta leƙo ta ga abin na tsiyaya siriri ta bakuna biyu. Ta ce, "Wanga ai tatsa ta, kamar hantsar akuya." Dariya muka yi, amma ta fi mu gaskiya. Tun injin Angelo Moriondo na Turin, can Italiya, a 1884 tururi ake amfani da shi, sai a ƙarshen shekarun 1940 Achille Gaggia na Milan ya kawo mai mariƙin da ake ja ƙasa da hannu, kumfar nan ta samu. Ja a hankali, abu ya fito kaɗan mai kauri: tatsa ke nan.

Don haka ni dai na tsaya kan tatsattsiyar gahawa, injin kuma matatsi. Ɗan ƙarfen danne gari madaɓi ne, irin na daɓen ɗaki, babu gardama.

Mai son saye ya duba cin wutarsa tukuna, yawanci wat 1,000 zuwa 1,500 ne, ƙaramin janareto na ya yi tari ya mutu. Kada lamba 15 ko 20 ta ƙarfin turo ruwa da ke jikin kwali ta ruɗe ka, 9 ɗin nan ake buƙata. Ruwan rijiyar burtsatse na barin farin ɓawo a bututu. Kuma ka tanadi abin niƙa naka: na kai tawa injin bakin kasuwa, kwana uku muna shan gahawa mai warin daddawa.

Abin da ya rage mini shi ne ludayin nan. Inna ta ce moɗa, ni na ce ludayi tunda yana da mariƙi. Mutanen Argungu da Yawuri, me kuka gani?