Addu'a kaɗai ta isa ta raba mutum da jarabar batsa?

Shugaban Zaure: Salamar Ubangiji gare ku duka. Wani ɗan'uwanmu a nan Sakkwato ya turo mini saƙo ta gefe, ya ce in kawo shi zaure amma in sakaya sunansa. Tun yana sakandare yake fama da kallon bidiyon batsa a waya, da abin da ke biyo bayan kallon. Ya yi azumi, ya kwana a addu'ar dare, an ɗora masa hannu. Sai ya samu sauƙi na ɗan lokaci, ya sake komawa. Yana tambaya: addu'arsa ce ba ta karɓuwa, ko akwai abin da ya rage bai yi ba? Don Allah kada kowa ya fara lissafin ko wane ne.

Mai Bishara: Amsar ba ta da nisa. Wanda Ɗan ya 'yantar, ya 'yantu da gaske, Yahaya 8:36. Addu'ar bangaskiya kaɗai ta isa. In mutum ya yi addu'a ya koma, to bai saki abin a zuciyarsa ba, baki ne kawai ya yi ta motsi. Wannan ruhu ne na ƙazanta, kuma Ubangiji ya ce irinsa ba ya fita sai da addu'a. Ɗan'uwa, ka ƙara azumi, ka daina neman dabarun mutane.

Katikis: Malam, ayar da ka jingina da ita, Markus 9:29, a kan yaron da aljani ke kayarwa cikin wuta da ruwa aka faɗe ta. Ba maganar sha'awa ake yi a wurin ba. Da Yesu ya zo kan fasikanci a Markus 7:21, cewa ya yi daga cikin zuciyar mutum yake fitowa. Yakubu 1:14 ma ya ce sha'awar mutum ce ke jansa. In muka ce aljani ne, yaro zai zauna yana jiran a fitar masa da shi, wayar kuwa tana ƙarƙashin matashin kansa.

Mai Bishara: Wato addu'a ba ta da iko ke nan?

Katikis: Ban ce ba. Cewa na yi ba ita kaɗai aka umarce mu da ita ba. A Getsamani abu biyu Ubangiji ya faɗa wa almajirai: tsaro da addu'a. Kai ka ɗauki ɗaya ka ajiye ɗaya.

Baba Dattijo: Ku dakata ɗiyana, wagga magana ba ta gaggawa ba ta. Ku buɗe Farawa 39. Matar Fotifar kullum tana neman Yusufu, kuma an rubuta cewa ko zama kusa da ita ya ƙi yi. Ranar da ta kama mai riga, mi yay yi? Bai durƙusa cikin ɗakin ba yana tsauta wa Shaiɗan. Rigar yab bar mata, yay yi waje. Wa zai ce Yusufu ba shi da bangaskiya? Sa'annan ku duba Dawuda. Lokacin da sarakuna ka hita yaƙi, shi yana gida, ya tashi daga kan gado da maraice yana yawo bisa soro. Can yah hangi Batsheba. Mutumin da Zabura ta cika da addu'o'insa na hwa. Addu'a bai rasa ba, wurin da bai kamata shi tsaya ba yat tsaya.

Mai Ganga: Baba, soron namu yanzu data ce ta dare mai araha. Watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, babu wuta, barci ya ƙi zuwa, kowa ya fito da tabarma tsakar gida da waya a hannu. Daga unguwar Mabera har Old Airport haka ake.

Baba Dattijo: To ka gani. Bulus ya ce ku guje wa fasikanci, 1 Korintiyawa 6:18. Shaiɗan an ce mu yi tsayayya da shi, shi gudu. Wanga kuwa mu anka ce mu gudu.

Mai Bishara: Ranka ya daɗe Baba, ina ganin girmanka, amma ka kai waya ɗakin wani, zuciyar fa? Matiyu 5:28 a zuciya ya kafa zinar. Makaho ma yana iya yi. In Ruhu Mai Tsarki bai canja mutum daga ciki ba, ko rijiya ka jefa wayar zai ari ta abokinsa. Ni na ga mutanen da aka yi wa addu'a sau ɗaya, har yau ba su waiwaya ba.

Ɗalibin Jami'a: A nan kam ina tare da kai, Malam. Na san wanda ya sayar da babbar wayarsa ya koma ƙaramar mai maɓalli, bai yi nisa ba ya fara aron kwamfutar abokin ɗakinsa. Amma waɗanda ka ce an yi musu sau ɗaya sun warke, su muke gani a gaban majami'a suna ba da shaida. Wanda ya koma bayan ya ba da shaida ba zai sake tashi ya ce jama'a na koma ba. Shi ya sa muke zaton kowa ya warke sai mu.

Sista Nas: Bari in shigo ta ɓangaren aikina. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa matsalar kasa riƙe kai a sha'anin jima'i cikin sabon kundinta na cututtuka, wanda ya fara aiki a Janairun 2022. Ba duk mai kallon batsa ne ya shiga ciki ba. Sai abin ya kai wata shida ko fiye, mutum ya yi ta ƙoƙarin dainawa ya kasa, karatu ko aiki ko aure ya fara lalacewa, kuma yana ci gaba ko da daɗin ma ya daina ji. Sun kuma rubuta a fili cewa jin laifi kaɗai saboda addini ko tarbiyya bai isa a ce mutum yana da cutar ba.

Yadda abin ke aiki kuwa, galibi ba sha'awa ce ke fara kunna shi ba. Kaɗaici ne, ko gajiya, ko ɓacin rai, ko fargabar jarrabawa. Mutum ya kalla, hankalinsa ya kwanta na ɗan lokaci, ƙwaƙwalwa ta riƙe cewa ga maganin damuwa. Da safe kunya ta rufe shi. Kunyar nan ita ma damuwa ce, kuma ƙwaƙwalwa ta riga ta san maganin da ta saba. To Malam, in ka ce wa irin wannan yaron komawarsa shaida ce cewa bangaskiyarsa ta bogi ce, ka ƙara masa ainihin abin da ke mayar da shi.

Mai Bishara: Kin ga abin da nake gudu ke nan, 'yar'uwa. Yau zunubi ya zama cuta, gobe a ce ba laifin kowa ba ne. Turawan da suka rubuta kundin nan, wace tuba suka sani?

Sista Nas: Ban wanke kowa ba, Malam. Hukuncin zunubi na bar wa Littafi. Amma mai shan ƙwaya ma zunubi yake yi, kuma idan abin ya ci ƙarfinsa muna yi masa addu'a muna kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware, ba wanda ya ce mun raina Allah. Wani abu kuma da nake roƙo a daina: tsorata yara da cewa wasa da al'aura yana makantarwa ko yana hana haihuwa. Likitanci bai tabbatar da wannan ba. Masu lasifika a kasuwa ne ke cin kuɗin wannan tsoron. Ranar da yaro ya gane ƙarya aka yi masa, har gaskiyar da aka haɗa da ita zai zubar.

Mai Ganga: Ai dama Allah ya ce tashi in taimake ka.

Katikis: Wannan ba aya ba ce, ɗan'uwa, maganar bakin mutane ce, kada Malam ya kama mu da ita. Amma ga wanda ya san abin daga ciki. Waliyyi Agustin, babban malamin ikkilisiya, mutumin Afirka ta Arewa, an haife shi a shekara ta 354 a inda yanzu take Aljeriya. Shekaru ya yi yana zaune da mace ba aure, har da ɗa. Da bakinsa ya faɗa cewa yana saurayi yakan roƙi Allah ya ba shi tsarki, amma ba yanzu ba, don yana tsoron kada a amsa masa da wuri. A nan Malam yana da gaskiya: akwai addu'ar da mai yinta ba ya so a karɓa. Amma dubi yadda ya fita. Uwarsa Monika ta yi shekaru tana kuka a gaban Allah dominsa. Ya daɗe yana sauraron wa'azin Bishop Ambros a Milan. Ranar da ya buɗe Romawa 13:13-14 a shekara ta 386, amininsa na kusa da shi, shi ya fara gaya wa. Bayan haka ya ajiye aikin koyarwa, ya fita daga birnin zuwa ƙauye na watanni, sai a Ista ta 387 aka yi masa baftisma. Alheri ne daga farko har ƙarshe, amma ta hannun mutane ya bi, kuma bai zo rana ɗaya ba.

Ɗalibin Jami'a: Bulus ma sau uku ya roƙa a cire masa ƙaya, aka ce masa alherina ya ishe ka.

Mai Bishara: A'a, kada ka ja ayar nan inda ba ta je ba. Bulus bai faɗi mece ce ƙayar ba, kuma Allah ba zai ce wa mutum ya zauna da zunubi ba. Mafita ai tana 1 Korintiyawa 7:9: gara a yi aure da a ƙuna da sha'awa. Iyaye su rage tsadar aure a aurar da yaran nan.

Mama Zumunta: Tun ɗazu nake karantawa na yi shiru, amma nan kam sai na yi magana. Ɗana, ku daina mayar da 'ya'yanmu mata magani. Mu ne muke jin kukan a zumuntar mata. Yarinya ta shiga da murna, miji yana kwance kusa da ita yana kallon waya har asuba, ko ya zo mata da abin da ya gani a can ya ce sai ta yi. In ta kai ƙara a ce ta ƙara addu'a, ta gyara jikinta. Wanda ya shiga aure da halin nan, da shi zai zauna a ciki, sai dai yanzu mutum biyu ne ke shan wahalar. Kuma duk maganarku ɗan'uwa, ɗan'uwa. Wa ya ce muku 'yan mata ba sa fama da shi? Su nasu ya fi muni, don ranar da aka ji, babu mai zuwa neman aurensu.

Ɗaliba: Na gode Mama. Ba wanda ya taɓa faɗin wannan a gabana.

Baba Dattijo: Gaskiya ta, Mama. Ni abin da ni gani yana aiki shi na Yakubu 5:16, ku furta wa juna zunubanku, ku yi wa juna addu'a. Mutum guda amintacce, namiji ga namiji, mace ga mace, wanda ka iya kira tsakar dare kahin ka hwaɗi, ba bayan ka hwaɗi ba.

Ɗalibin Jami'a: Baba, a yi haƙuri, amma wa za a gaya wa? Mu Kiristan garin nan ba mu da yawa, kowa ya san kowa. Ka gaya wa dattijo guda, ya gaya wa matarsa don a tayaka da addu'a, kafin Lahadi labari ya kai Zuru wajen iyayenka. Daga nan a cire ka daga ƙungiyar mawaƙa, a sa ka ƙarƙashin horo, ka koma bencin baya kowa yana kallon ƙeyarka. Wanda ya yi shiru kuwa yana gaba yana jan waƙa. Wa zai zaɓi ya faɗa?

Katikis: A wajenmu Fadan da ya tona abin da ya ji a wurin furta zunubi, nan take ya fita daga tarayyar ikkilisiya, dokar haka take. Ban ce ku dawo Katolika ba, amma ku nemi abin da zai tsaya a matsayin wannan.

Baba Dattijo: Horo don wanda yaƙ ƙi tuba anka yi shi. Wanda yaz zo da ƙahwarsa yana neman taimako, ba horo na nashi ba. Galatiyawa 6:1 ta ce a maido shi da tawali'u. Za ni kai maganar ga zaman dattawa, ko da ban yi alkawarin za su yarda ba.

Mai Bishara: Maganar riƙe sirri na yarda da ita, ta Mama ma na ji. Amma ina nan a kan bakana cewa ikon yana cikin addu'a. Sauran duk shinge ne, kuma shinge ba ya canja zuciya.

Sista Nas: Ba wanda ya ce a cire addu'a. Abu ɗaya nake so ka janye: cewa duk wanda ya koma bai yi da gaske ba.

Mai Bishara: Wannan sai mun zauna ido da ido.

Shugaban Zaure: To a zauna. Asabar mai zuwa da yamma, maza da Baba da Malam, mata da Mama da Sista, kowa da ɗakinsa. Ba rubuta suna, ba ɗaukar hoto, kuma zuwa ba ya nufin kana da matsalar.

Mai Bishara: Zan zo, da ayoyina.

Shugaban Zaure: Ka zo da su. Katikis, kai za ka nemo mana ajujuwa biyu, kada ka ɗauko waɗanda tagoginsu ke kallon titi.